Ranar da Uwar Kwamiti Ta Saurari Likita

A gidan yarin mata, in aka ce "ranar likita", ba kowace ranar zuwan likita ake nufi ba. Ana nufin ranar da Uwar Kwamiti ta kulle likitar a ɗaki ta yi mata nasiha ta awa ɗaya da minti arba'in.

Kada wani ya raina Uwar Kwamiti. Ita ce shugabar kwamitin kula da walwalar mata fursunoni, kuma in sakatariya ba ta zo taro ba, ita da kanta take rubuta cewa an yaba wa shugaba. Ta yi kwas na kwana uku a kan sauraron masu damuwa, ta dawo da takardar shaida mai faɗin taga. Tun daga nan ba ta ƙara wahalar da kowa da kai ƙarshen zancensa ba, domin ta riga ta gane. Matan gidan suna kiranta Ina-Jin-Ki.

Ita ta sa aka share tsohon sito, aka ajiye kujeru biyu da furen roba, aka raɗa masa Ɗakin Sauraro. Dokokinsa uku ta rubuta a ƙofa: mai shiga ya tuɓe rigar aiki da katin wuya, don a ciki kowa daidai yake, ba a tambayar suna, ba a ƙwanƙwasawa.

Gandiroba, wadda ta shekara sha tara tana riƙe da makullan ɓangaren, ba ta da ra'ayi a kan furen roba. Damuwarta wata fursuna ce da ake kira Mai Ɗinki, saura kwana huɗu a sake ta. Sai da aka ɗora ta a kan magani ta daina wuni tana kallon bango, ta koma kan keken ɗinkinta. Yayarta ta yarda ta karɓe ta, amma fa sai da takardar da za ta sa asibitin gari ya ci gaba da ba ta maganin. Likitar ƙwaƙwalwa kaɗai ke rubuta ta, kuma sau ɗaya take zuwa a wata, ta yi awa biyu.

Likitar sabuwa ce, ga bin doka. Ta karanta ƙofa, ta rataye farar rigarta da katinta a waje, ta shiga ta zauna. Gandiroba ta tafi kiran mata bakwai da ke layi. Kafin ta dawo, Uwar Kwamiti ta iso, domin an ce mata mai hoto zai leƙo ranar. Ta tarar da mace zaune shiru. Ta murɗa makulli, ta jefa a jaka.

Daga waje ana jin komai.

"Saki jikinki, 'yata. Ina jin ki."

"Ranki ya daɗe, ni likita ce, na zo ne..."

"Dukanmu mun taɓa zama wani abu. Wancan watan matuƙiyar jirgin sama na saurara. Ina jin ki."

Daga nan ta ba ta labarin kwas ɗin tun daga rana ta farko, har da yadda malamin ya yi shiru saboda nauyin wata tambaya da ta yi masa. Likita ta roƙi a buɗe ƙofa.

"Duk haka kuke cewa da farko," in ji Uwar Kwamiti cikin tausayi. "Mu masana, gudun gaskiya muke kiransa."

A bakin ƙofa Mai Ɗinki tana ta murza gefen rigarta. "Anti, in lokacin ya ƙare fa?"

"Ba zai ƙare ba," in ji Gandiroba, tana kallon agogo yana ƙarar da shi. Makullai ashirin da shida ne a ƙugunta, babu na ɗakin nan, don Uwar Kwamiti ta ce sirri ba ya son makulli biyu. Gandiroba ta ƙwanƙwasa. Aka karanto mata doka ta uku daga ciki.

Da ya rage minti ashirin, Gandiroba ta juya ta fuskanci barandar da babu kowa, ta ɗaga murya: "A'a, mai hoto, sannu da zuwa! Shugaba tana aiki, bari na kira sakatariya ta tsaya a madadinta."

Ba ta rufe baki ba ƙofa ta buɗe.

Likita ta zaunar da Mai Ɗinki, ta yi mata tambayoyi, ta jira amsa, ta rubuta takarda ta buga hatimi. Sauran shidan sai wata mai zuwa. Gandiroba ta mayar da su ɗakunansu.

Bayan mako guda, Mai Ɗinki na gidan yayarta, Uwar Kwamiti ta dawo aiki. Gandiroba ta buɗe mata ƙofar ɓangaren, fuska ba yabo ba fallasa.

"Ranki ya daɗe, yaya jikin mara lafiyarki ta rannan?"

Uwar Kwamiti ta zare tabarau ta dube ta. "Yi dariyarki. Shekara biyu ina sauraron mata a ɗakin nan. Ita kaɗai na samu na yi wa cikakken zama, kuma a ranar ta fita ta babbar ƙofa da ƙafarta, babu wanda ya tare ta. Je ki kawo min sauran shidan."