Jitar da Na Ƙera wa Kawu Sale

Ko da zan manta da sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Kawu Sale ba. Ranar ce na tsaya gaban dattawan Hausawan Madina da yagaggiyar jallabiya, aikina na wata bakwai yana kwance a ƙasa ƙafafu sama.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne. Ya zo daga Maraɗi tun yana saurayi, ya zauna a unguwar Ranuna ta Madina har ya yi jikoki, kuma shi ya riƙe ni da na zo aiki a wata warsha da muke haɗa tagogi da kabad na alminiyam. A ƙuruciyarsa makaɗin goge ne. Gogen na nan rataye a bangon ɗakinsa, amma ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe masa yatsu, ko maɓallin riga sai matarsa Hajiya Rabi ta ɓalla masa. Wata rana na leƙa na gan shi ya sauko da gogen, ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, yatsun suka ƙi. Ya mayar da shi ya rataye. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ba a yi sati ba na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani Bature ne zaune a kujera, gabansa jita a kwance kamar teburi mai ƙafa huɗu. Ba ya danna wayoyin da yatsa. Wani guntun ƙarfe yake zamewa da shi a kansu, yana taka feda da ƙafa, yana ture wasu ƙarafa da gwiwa, sautin yana hawa yana sauka kamar kukan goge. Nan take na ce wallahi wannan ta Kawu ce, kuma ni zan ƙera ta. (Ni da ban taɓa riƙe ko gurmi ba. Amma idan taurin kaina ya motsa, mahaifiyata ma haƙuri take ba kanta.)

Mai warsha ya yarda in riƙa amfani da kayan aiki ranar Juma'a bayan la'asar. Na fara da katakon wani tsohon kabad. Na yanke da zarto, na goge, na ɗaura wayoyi goma, na ɗame su. Da na dawo Juma'a ta gaba katakon ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Ashe wayoyi goma idan suka haɗu ja suke yi ba na wasa ba. Na nemo katakon wata tsohuwar ƙofa mai tauri, irin wanda sai ka huda kafin ƙusa ta shiga, na kewaye shi da alminiyam.

Inda ido ya raina fata shi ne wajen ƴan ƙarafan da ke ƙarshen jitar. Kowace waya tana da nata, yana juyawa a kan sanda ɗaya, idan ka taka feda ya ja wayar sauti ya hau, ka saki ya koma daidai inda yake. Wannan komawa daidai ita ce rigimar. Na yanka su ɗaya bayan ɗaya, na yi ta gurza da magagari har tafin hannuna ya yi kanta. Na fara haɗa su da feda da wayar birkin keke, ta riƙa miƙewa, na zubar. Na koma sandunan ƙarfe sirara masu noti a baki. Abin ɗaukar sauti kuwa, maganaɗisu na samu na naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, ta tsinke mini sau uku, sau uku ina sakewa daga farko. Guntun ƙarfen zamewa na yanko shi daga sandar shokozobar mota, na goge bakinsa har yana ɗaukar ido.

Duk wannan a ɓoye nake yi, don so nake Kawu ya gani kwatsam. Hajiya Rabi kaɗai na nuna wa hoto. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni a ina mai kiɗan yake zama. Na ce a kujera mana. Ta ce to, Allah ya taimaka. Na lura akwai magana a bakinta, amma a lokacin kaina ya kumbura, ban tsaya ji ba.

Da aka sa ranar suna a wata istiraha, irin gidan hutun nan da ake haya don taro, sai na kasa riƙe bakina. Duk wanda na haɗu da shi a masallaci ko wajen mai tsire sai na ce masa ya zo, Kawu zai yi kiɗa bayan shekaru. Wasu suka yi murna, wasu dattawa suka taɓe baki don su ba sa son harkar kiɗa. Magana ta kai kunnen Kawu, Hajiya kuwa ta ce mini ya sa an wanke masa babbar rigarsa.

Bayan an ci shinkafa da rago an kawo shayi, na shigo da kayana lulluɓe da bargo, ina sanye da sabuwar farar jallabiya irin ta ƴan gari, mai matsattsen ƙasa. Na kafa ƙafafun jitar, na jona sifika, na ajiye kujerar roba, na yaye bargo. Sai a lokacin na dubi ɗakin da kyau. Kowa a ƙasa yake zaune, jingine da matashi. Shekara shida ina gidan Kawu, ban taɓa ganin sa a kujera ba, ko salla a zaune yake yi a ƙasa da ƙafa miƙe saboda gwiwa. Na auna komai da tsawon ƙafata, ban auna mai abin ba.

Don kada ya kunyata ni, ya bari ƴaƴansa biyu suka ɗaga shi suka ɗora a kujerar. Ya kai ƙafa kan feda, ya yunƙura, fedar ko motsi. Na ga zufa ta karyo masa, na ga kuma idon mutane a kansa. Abin da na gani ta ƙofar ɗakinsa ran nan, shi na jawo masa a bainar jama'a.

Maimakon in yi shiru, sai na ce a sauke shi in nuna yadda ake yi. Na zauna. Duk gwajin da na yi a warsha da wandon aiki na yi shi, ban taɓa gwadawa da jallabiya ba. Na buɗa gwiwa zan ture ƙarfen hagu, jallabiya ta riƙe ni. Na yi ta maza na ƙara ƙarfi. Sai ji kake ƙiiii, ɗinki ya buɗe daga ƙasa har cinya, ga ni da gajeren wandon ƙwallo (na yi sauri da safe, kada ku tambaye ni). Na zabura zan tashi, ƙarfen gwiwa ya sarƙafe a yagar, jita ta biyo ni ta kife, sifika ta kurma ihu har mata suka ji daga nasu ɓangaren. Wani dattijo ya ce la haula. Sauran suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai Kawu ya kira ni da sunan da ake kira na a unguwa.

"Injiniya, kwance mata ƙafafun nan, ka miƙo mini ita."

Na kwance su, na miƙa masa ita. Ya ɗora ta a cinya yadda yake a ƙasa. Ya ɗauki ƙarfen shokozobana, ya yi masa nauyi, ya ajiye. Ya shanye sauran shayinsa, ya kifa ɗan kofin gilashin a kan wayoyi, ya taɓa ɗaya da babban yatsa ya zame. Na farko ya fita a karkace, na biyu ma haka. A na uku wani tsohon take ya fito, wanda ni ban sani ba, amma tsofaffin da ke wurin suka ɗago kai gaba ɗaya. Daga ɓangaren mata aka rangaɗa guɗa, muryar Hajiya Rabi ce.

Can ya kai wani wuri da yake son sauti ya hau, ya dube ni ya ce, "Me ka ce fedar nan take yi?" Na durƙusa, hannu ɗaya riƙe da yagaggiyar jallabiya, na kama sandar ƙarfen da ɗaya hannun na ja. Sauti ya hau daidai, na saki ya koma inda yake. Ya gyaɗa kai. Hawaye ya zo mini, ba na ɓoyewa.

An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ɓata wata bakwai don na ƙi yi wa tsoho tambaya ɗaya. Yanzu ko taga zan haɗa sai na tambayi mai gida a tsaye yake leƙe ko a zaune. Fedojin da na sha wuya a kansu suna ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a bayan la'asar ina tsugune gefen Kawu, idan ya ɗaga gira in ja, idan ya sauke in saki. A Ranuna yanzu ba mai kira na Injiniya sai shi. Sauran mutane kuwa Feda suke ce mini, kuma ina amsawa.