Yadda Na Dasa Fasto a Fadamar Bomo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar auren ƙanwar matata, kuma ko na so in manta, 'yan majami'armu na Samaru ba za su bar ni ba.

Ni malamin makaranta ne, amma tun ina yaro raina yake kan tsofaffin motocin jif, irin masu giyar taimako, waɗanda in ka ja sandar sai tayoyin huɗu su ja tare. Na tsinci wata a bayan gidan wani tsohon malamin gona, kaji na ƙwai a kujerar baya. Na sa aka ja ta zuwa garejin Oga Emeka a Sabon Gari, muka shekara biyu muna tayar da ita. Burina in mai da ita ɗaki mai tafiya, kuma na yi: gado, risho, tankin ruwa, sola a kan rufi, har da ɗan firji. (Matata Saratu ta ce tunda na gama, sai in kwashe kayana in tare a ciki.)

Duk Samaru mutum ɗaya na sani mai irinta, wato Baba Yohanna, dattijon majami'armu, wanda ya yi shekaru yana kai ma'aikatan jinya na mishan ƙauyuka. Tasa ta girmi tawa. Fentinta ya koɗe, gadonta katako biyu ne da tabarma, kicin ɗinta akwatin ƙarfe ne da tukunya ɗaya. Duk Lahadi sai in ajiye tawa dab da tasa, in buɗe ƙofar baya, wai iska nake ba ta. Da an tashi sujada mutane su taru, ni kuma in shiga bayani: ga tawa, ga tasa.

"Baba, taka fa ko fanka babu."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Akwai taga, ɗana."

Ana saura kwana huɗu biki na kai motar gareji don a canza mata mai. Oga Emeka ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya fara yi mini wani dogon bayani. Na dai ji ya ambaci farfelar gaba, na ji Kaduna, na ji "mako mai zuwa". Ni kuwa waya na kunnena, ina rigima da tela kan launin labulen tagogi. Na ce, "To, to, Oga, ba damuwa," na karɓi makulli na tafi.

Za a ɗaura auren ne a ƙauyen ango, can gaba da Bomo, ga shi tsakiyar damina. Aka zauna rabon motoci. Baba Yohanna ya ce shi zai ɗauki Fasto, tunda ya san hanya. Na miƙe tsaye (har da gyara wuyan riga) na ce ai bai kamata bawan Allah ya sha girgiza a kan katako ba alhali ga katifa. Aka ba ni Fasto, aka ƙara mini da kek ɗin biki mai hawa uku, Saratu ta riƙe shi a baya.

Da safe muka kama hanya, ni ne a gaba. Da muka iso fadama sai muka tarar ruwan jiya ya mai da hanyar kunu. Sauran motoci suka tsaya. Baba Yohanna ya sauko ya ce mu zagaya ta bayan gonakin rake, hanyar ta fi tsawo amma tana da tsakuwa.

Na leƙo ta taga na ce, "Baba, ƙananan motoci su zagaya. Wannan don irin wannan wuri aka ƙera ta."

Na juya na ce wa Fasto ya riƙe da kyau, yau zai ga aikin giyar taimako. Na ja sandar, na taka totur.

Ba mu yi nisan taku ashirin ba ta zauna. Tayoyin baya suna ta juyi suna watsa laka har kan sola, na gaba kuwa ko motsi. Na sake jan sanda, na sake takawa, muka ƙara nitsewa. Saratu ta ce, "Baban Talatu, kek ya fara kwanciya!" Fasto ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya buɗe ƙofa don ya ga abin da ake ciki. Ƙafarsa ta farko ta shige har gwiwa. Da ya zaro ta, babu takalmi.

Duk ayarin biki na tsaye a bakin fadama suna kallo, har da surukina.

Baba Yohanna ya naɗe wando ya shigo. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe, sannan ya matso dab da tagata ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Ɗana, ina farfelar gaba?"

"Tana nan mana, Baba."

"Ba ta nan. Sandar da kake ja ba abin da take juyawa."

A nan maganar Oga Emeka ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ya ce farfelar, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ta cinye, ya cire ta, ya aika Kaduna a nemo irinta, kada in kuskura in shiga laka. Na ji kamar in bi takalmin Fasto.

Baba Yohanna ya juya ya fita daga lakar. Ya koma ya kawo tasa da baya har bakin ruwa, ya ciro wata tsohuwar sarƙa daga ƙarƙashin katakon gadonsa, ya ɗaura. Motarsa ta yi wani gurnani, ta zare mu kamar ana zare ƙaya. Mutane suka hau tafi. Da surukina ya tambayi abin da ya faru, Baba Yohanna cewa ya yi, "Wani ƙarfe ne ke wurin gyara." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har yau.

Fasto ya ƙarasa tafiyar a kan katako da tabarma. Mun makara da awa guda, ya ɗaura aure sanye da silifas ɗin wanka na Baba Yohanna, kek kuma aka jingina shi da bango aka juya gefen da ya lotse. Amarya ta yafe mini bayan wata biyu. Saratu ta ɗan fi haka.

Ranar Litinin na je gareji. Labari ya riga ni zuwa. Oga Emeka ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya ce, "Malam, na faɗa maka sau uku! Kai kana labule!"

Lahadin da ta biyo na ɓoye motata can bayan majami'a. Bayan sujada sai ga Baba Yohanna ya zo nemana. Ya ce idanunsa sun fara rauni, ko zan taimaka in sa masa fitilar sola irin tawa? Na san sarai yana da tocila, so yake kawai ya ba ni abin da zan ɗaga kai da shi. Na sa masa. Shi kuma ya yi Asabar huɗu yana kwantar da ni a ƙarƙashin motata, yana nuna mini kowane ƙarfe da sunansa da aikinsa. Na gode wa Allah da ya sa a gaban mutum irinsa na ji wannan kunya.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka raina tsohuwar motar dattijo, ka fara bincikawa ko a cikinku shi kaɗai ne mai sarƙa.