Fitilar Iskar Taya da Igiyar Aurena

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Motocin Lantarki na Walƙiya Bakwai, mai ƙera mota ba hayaƙi, ba ƙara, ba tausayi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya sha wuya kuma ya san shi ya jawo wa kansa, ni ne Muflih Abu Suhaib, tsohon soja mai cin fansho a wani ƙauye kan duwatsun Karak. Na rubuto ne game da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke gaban direba, wadda ba ta kai farcen yatsana ba, amma saura ƙiris ta kashe mini aure.

Ranar da na sayo motarku ban wuce gida ba, sai gidan man Sayil, yayan matata, don in ba shi haushi. Ya zagaya ta, ya ce, "Abu Suhaib, wannan firjin mai taya? Wallahi sai ka dawo nan da ƙafarka." Raina ya ɓaci. A gaban dattawa na buga ƙirji na ce, "Idan motata ta sake shiga gidan man nan, na saki ƙanwarka!" Mazan suka rufa mini asiri, maganar ba ta kai gida ba. Ga koke-kokena, cikin ladabi:

Na ɗaya. Dillalinku ya rantse mini ba ta shan fetur, ba ta shan baƙin mai. Me ya hana shi gaya mini tana shan iska? Injin iska kuwa ɗaya ne tak a ƙauyenmu, kuma yana jikin bangon Sayil.

Na biyu. Fitilar ta kama ranar Juma'a da safe, a sanyin farko na hunturu, masu faci duk a rufe. Motar da ta iya gaishe ni da sunana, ranka ya daɗe, ta kasa faɗa mini wace taya ce ba lafiya? Na buɗe littafinku, na ga harshen da ko limaminmu bai sani ba. Ni da na yi aikin soja, wannan ɗigon haske ya fi ƙarfina.

Na uku, kuma nan ne abin kunyar. Ba ku sa safaya ba, ba ku sa jak ba. Na ari jak wurin maƙwabci, na ajiye motar a bakin titi, wajen iyakar gidan man. Tiyon iska bai kai ba. Sai na kwance taya, na gangara da ita ciki kamar mai wasan gare-gare. Sayil na zaune da gahawarsa, ya ce, "Maraba da mijin ƙanwata! Ga ɗiyar, ina uwar?" Tayoyi huɗu, sawu huɗu, daidai lokacin da ake fitowa daga masallaci. Wa zai ga mai furfura yana tura taya bai tambayi dalili ba? Kafin in isa gida labarin rantsuwar ya riga ni.

Na tarar da matata Fidda ta sauke mansaf, shinkafa da naman rago, ta sa mayafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abu Suhaib, duk zaman da muka yi, ka rasa abin da za ka sa a caca sai ni? Ina girman gashin bakin naka?" Ta tafi gidan yayanta, wanda ke bayan gidan man, ba hanyar shigarsa sai ta gaban famfunan fetur. Sayil ya aiko da sharaɗi: a motata za a ɗauke ta daga bakin ƙofa, kamar yadda aka kai ta amarya. In shiga, ta saku. In ƙi shiga, ba ta dawowa. Injiniyoyinku sun tanadi maɓallin wannan?

Liman ya gama yi mini faɗa, sannan ya ce rantsuwar a kan motata take, ba motar wani ba. Saboda haka ina sanar da kai cewa na sayar wa Sayil ita, a farashin da ya ga dama. Ya ara mini ita na shiga na ɗauko Fidda. Da na mayar masa da makulli ya ce, "Af, sanyi ne kawai fa. Da ka jira rana ta ɗaga, da fitilar ta mutu da kanta."

Ba na neman diyya. Roƙona ku rubuta da Larabci a shafin farko cewa motar nan ba ta dace da mai saurin baki ba.

Fidda tana gida. A hanya na gaya mata na fi son ta da kowace mota, abin da ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ta dube ni daga kujerar baya, ta ce, "Kada ka rantse."

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran bas kowace safiya,

Muflih Abu Suhaib