Ranar da na kira Alhaji da sunan yanka

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarata ta ƙarshe ta koyon aiki, lokacin da nake ganin duk Yawunde babu wadda ta kai ni sanin bakin yaro. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a cikin taksi nake, sai in sunkuyar da kai kamar wani ya kama ni.

Bari in fara da aikin nawa, don na saba da mutane ba su san shi ba. Da Faransanci ortofonist ake ce mana. Mu ne ke taimaka wa yaran da magana ta yi wa nauyi, wanda ya makara bai fara ba, da mai in'ina, da wanda aka ɗinke wa tsagaggen leɓe yana neman yadda zai fitar da sauti. A Brik, unguwarmu, har yanzu ba a sama mini suna ba. Wasu su ce likitar baki, wasu malamar bebaye, kawuna kuwa ya fi shekara yana gaya wa mutane haƙori nake cirewa. Babana ungozoma ya so in zama. Ranar da na gaya masa abin da na zaɓa, kallona ya yi ya ce, "Shekara uku a makaranta don ki koya wa yaro magana? Ke wa ya koya miki?"

Na yi karatun dai. Mun haddace kunne da maƙogwaro da ƙwaƙwalwa, duk da Faransanci, a littattafan da aka rubuta a kan yaran wasu ƙasashe. Daga nan aka tura ni sitaj, wato koyon aiki a hannun wadda ta ƙware, a wata ƙaramar cibiya ta wajen Messa. Shugabata Madam Ngono ce, 'yar ƙabilar Ewondo, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" da "kaɗan-kaɗan" ba. Duk sanda Bahaushe ko Bafulatani ya shigo, ni take kira. Wannan kiran shi ya kumbura mini kai, har na fara tafiya a hankali don farar rigata ta riƙa kaɗawa. (Rigar ma ba tawa ba ce, aro aka ba ni.)

Wata rana wata matashiya mai suna Balkisu ta shigo da ɗanta. Ya haura shekara uku, amma ban da "a'a" da wasu 'yan sautuka ba ya cewa komai. Cefane aka aike ta kasuwar Mokolo ta zarce wurinmu, shi ya sa duk zaman nata ido na kan ƙofa. Madam ta duba yaron ta ce kafin komai sai likitan kunne ya auna jinsa. Matsalar ita ce mijin Balkisu direban babbar mota ne, yana can hanyar arewa, kuma a gidan ba a kai yaro asibiti sai da izinin kakansa. Sai Madam ta ce in je gidan ranar Asabar in ga yadda yaron ke rayuwa, in kuma nemo wannan izini. Ta ce ai mutanena ne. Ta ƙara da cewa in zauna, in kalla, in rufe bakina. Na ce to, amma na ƙarshen nan bai shiga kunnena ba.

Na tafi da farar riga da jakar kayan wasa. Na ratsa lungunan Brik, tsakanin hayaƙin masu soya, wato tsire, da ƙarar kekunan ɗinki, har wani gida mai ɗan ƙaramin tsakar gida. Ashe labari ya riga ni. Hajiya, kakar yaron, tana kan tabarma, ga 'yan uwan mijin, ga maƙwabta da suka shigo wai aron turmi. Aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwa. Balkisu tana can gefe tana tsintar shinkafa.

Na yi kallon kuwa, amma da idon littafi. Yaron ya tsinci murfin kwalba ya kai wa uwarsa, ta karɓa ba ta dube shi ba. Ya ja zaninta, ta tura shi wurin Hajiya da bayan hannu. Ko kalma ɗaya ba ta ce masa ba. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini, saboda na ga abin da muka karanta a aji: uwar da ba ta amsa wa ɗanta. Na ce yau Madam za ta san wa aka turo mata.

Akwai gwajin da aka koya mana, a kira yaro ta bayansa a ga ko zai juyo. Sunan da na gani a karne, wato ɗan littafinsa na asibiti, Umaru ne. Na durƙusa a bayansa na ce, "Umaru." Bai motsa ba. Tsakar gidan ta yi tsit, ni kuma na ɗauka girmama ilimi ne. Na ɗaga murya na sake kira. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki. Wata daga cikin matan ta miƙe ta shige kicin, kafaɗunta na rawa. Har a lokacin ban ji komai a jikina ba.

Sai na juya wurin Balkisu na ce ita ta kira shi, ta ce Umaru, da ƙarfi. Ta kafe ido a kan tire. Na maimaita, ta ƙara sunkuyawa. A nan ne na faɗi maganar da har gobe nake jin ɗacinta, a gaban surukarta da kowa da kowa.

"Ta yaya yaro zai yi magana, uwarsa ko sunansa ba ta iya kira?"

Ban tsaya nan ba. Na ce bari in nuna mata yadda ake yi. Na tafa hannu, na buɗe murya irin ta mai kiran ɗan talla: "Umaru! Zo nan! Umaru, buɗe baki ka fiddo harshenka in gani!"

Labulen ɗakin da ke bayana ya ɗaga. Wani dattijo ya fito a hankali, da carbi a hannu, gemunsa fari fat, yana neman takalminsa da ƙafa. Ya tsaya a kaina ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ga ni, 'yata," ya ce. "Harshen kawai za a duba ko har da haƙora? Don haƙoran saura kaɗan."

Babu wadda ta yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya gyara hularsa ya ce tun da mahaifiyarsa ta rasu ba a taɓa kiransa haka a cikin gidan nan ba, har ya ɗauka ita ce ta dawo. Daga nan ya dubi jikansa, da muryarsa mai kauri ta tsohon mahauci, ya ce, "Abba, zo." Yaron ya ɗaga kai ya tafi wurinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wani sabon abu a nan da ban sani ba. Sunan kakansa aka sa wa yaron, don haka Abba kowa ke ce masa, Umarun nan a takarda kawai yake. Balkisu kuwa ƙofa biyu na tura ta ta fasa lokaci guda: ta ambaci sunan surukinta, ta kuma yi wa ɗanta na fari wasa a gaban mutane. Ba baƙuwa ba ce ni, a lungu na uku daga gidan aka haife ni. Kuma ni ma 'yar fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, "waccan" take ce mini. Shekara uku na Faransanci suka sa na manta da abin da nake gani kullum a gidanmu.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi, babu jakar kayan wasa, babu izinin da aka aike ni nema.

Ranar Litinin na gaya wa Madam komai. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Can ta tsaya cak, ta tambaye ni uwar fa. Na ce ban koma ta kanta ba. Ta ce ita da ba Bahaushiya ba ta daɗe da koyon wannan, kuma ta tura ni ne don ta ɗauka ni ba sai an gaya mini ba. Ranar da aka sa wa Balkisu ta komo cibiyar ta zo ta wuce, ba ta dawo ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya iso gidanmu ta bakin mai kitso, kuma kashi biyu ya iso. Kashin dariya shi ne 'yar gidan wane ta sa Alhaji fiddo harshe. Ɗaya kashin kuma, likita ta ce uwar ce ta hana yaron magana. Wannan na biyun ya hana ni cin abinci. Yarinyar da ta saci hanya daga kasuwa don ta nema wa ɗanta taimako, ni na ɗora mata laifi a gidan miji, kuma kunnen yaron yana nan ba a auna ba.

Na koma, wannan karon da hijabina da ɗan goro a leda. Bayan azahar na isa, gidan shiru, kowa na hutawa. Kafin in yi sallama sai na ji murya daga ɗakin Balkisu. Surutu take yi kamar rediyo. "Ga cokali, ka gani? Cokali. Wa ya ci tuwo ya ɓata hanci? Kai ne! Ina hancin? Ga shi nan." Tana yi tana dariya, tana jan kalma, tana maimaitawa, daidai yadda aka koya mana a aji, har ma ta fi mu iyawa. Na tsaya a bakin labule hawaye na zubo mini.

Da na shiga na ba ta haƙuri, ba ta nuna fushi ba, wanda ya ƙara mini kunya. Ta ce, "Anti, a gabansu ba zan iya ba. Amma in mun shigo ɗaki har bakina ciwo yake." Sannan ta ce abin da ya kai ta wurinmu tun farko shi ne in tana gabansa yana bin bakinta da ido, in kuwa ta yi magana a hankali ta bayansa, ko motsi ba ya yi. Da na tambaye ta tun ranar farko, a keɓe, da ta gaya mini.

Da la'asar matan suka fito. Na jira har maƙwabtan nan masu aron turmi suka shigo, don a gabansu na ɓata, a gabansu ya kamata in gyara. Na durƙusa gaban Hajiya na ce maganar da na faɗa a kan Balkisu kuskure ce, rashin sanina ne, kuma yaron ya yi dace da uwa. Hajiya ta ce ba komai, yarinta ce, kowa ya yi. Sannan aka yi mini iso wurin Alhaji. Na miƙa goro, na faɗi buƙata, kaina a ƙasa. Ya daɗe yana juya goron kafin ya ce, "To, wane Umarun za a kai, babba ko ƙarami?" Da na ji haka na san an yafe mini.

Likitan kunne ya sami ruwa ya taru a bayan dodon kunnen yaron, duka biyun. Ashe duk wannan lokaci yana jin duniya ne kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga. Aka yi magani, muka ci gaba da namu aikin. Madam ta yarda mu riƙa yi a gida, a ɗakin Balkisu, labule a sake, daga ni sai ita sai Abba. Bai zama aku a rana ɗaya ba, mun sha wahala, amma yanzu yana makaranta, an ce har ƙara ake kawowa kan surutunsa. Alhaji kuwa bai bar ni na huta ba. Duk sanda na wuce ta wurin da yake zama da tsofaffin mahauta, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, yau ba a duba harshe?"

Bayan abin ya lafa, wata rana ina taya Inna gyaran kuɓewa, na tambaye ta ko ita ma tana yi mini magana ina jaririya, in babu kowa. Ba ta dube ni ba. Ƙanwata ta kalla, wadda ke wanke-wanke a gefe, ta ce, "Gaya wa waccan, da ban yi mata ba, a ina ta samo bakin da ta je ta kira Alhaji da shi?"

Yanzu ni ma ana turo mini 'yan sitaj, da fararen rigunansu masu kaɗawa. Kafin su taɓa jakar kayan wasa nakan sa su tambayi abu biyu: da wane suna ake kiran yaron a gida, kuma wa ke yi masa magana in an saki labule. In ɗalibar 'yar unguwarmu ce, ta ce mini ai ta sani, ita nake sa wa ta maimaita sau biyu.