Ranar da na yi wa Mai Unguwa aski da kayan miya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gaji askar mahaifina Audu ba, Allah Ya jiƙansa. Shi ne wanzamin gidan Mai Unguwa Ɗanjuma a ƙauyenmu, gabas da Makoda, tun kafin a haife ni. Da ya rasu sai aka ce a gwada hannuna ranar sunan jikan gidan. In na yi da kyau gidan nawa ne, in ban yi ba akwai wani wanzami da ya daɗe yana zarya da gaisuwa.

To, Baba da ruwa zalla yake aski, ya murza kai har gashi ya yi laushi. Amma ni da iyayi, na ji fatake suna cewa a birni da sabulu ake yi wa attajirai. Na ce lallai sai na nuna ni ma na waye.

Na fara gwaji a haɓata. Sabulun farko toka ta yi masa yawa, ya saɓule min fata (kwana uku ina yawo da rawani har hanci, ina cewa haƙori ne). Na biyu warin man shanu kawai yake. Na uku, wanda wata tsohuwa Bamagujiya maƙwabciyarmu ta dafa da man kaɗanya, shi ne ya yi: baƙi, mulmulalle, ga kumfa. Na ba matata Hansai ta ajiye min a ƙwaryarta.

Ranar suna na tashi da mura, hancina a toshe kamar an liƙe da laka. Na zura hannu a ƙwarya, na ɗauki abu baƙi, na jefa a zabira, na kama hanya.

Zaure cike da dattawa. Mai Unguwa ya tuɓe hula ya miƙo kai. Na jiƙa, na goga, na murza. Babu kumfa. Na ƙara ruwa, na ƙara murzawa, sai wani ruwa-ruwa mai ƙasa-ƙasa ke gangarowa ta bayan kunnensa. Na ce a raina ko ruwan rijiyarsu ne mai gishiri? Na dai sa aska.

Sai na ga Liman ya ja buzunsa baya. Na kusa da shi ma ya matsa. Ƙudaje kuwa daga ina, oho. Ni duk na ɗauka wuri suke ba ni saboda su ga gwaninta, har wani karkata wuya nake.

Mai Unguwa ya ce, "Ɗan Audu, wannan sabulun naka na wace ƙasa ne?"

Na ce, "Na zamani ne, Baba. Haka manyan birni ke yi."

Ya ce, "To, manyan birni na da haƙuri."

Na aske rabin kai ke nan sai ga Hansai a bakin zaure, tana haki, ludayi a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Ku gafarce ni, iyayena. Maigida, miyar gudummawar da na ɗora ce take ta kumfa har tana kashe wuta. Ina daddawata?"

Wallahi ko a lokacin ban gane ba. Har na buɗe baki zan yi mata faɗan me ya haɗa ni da daddawa, sai na dubi tafin hannuna, na ga ɓarin kalwa manne a yatsa.

Sai Liman ya kife da dariya har da hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai Unguwa bai ko ɗago ba, ya ce, "Ƙarasa. Ba na fita da rabin kai."

Na ƙarasa askin. Da aka fito da jariri, sai aka miƙa wa wancan wanzamin, ina tsaye ina kallo. Gidan da Baba ya riƙe shekara da shekaru, ni na sayar da shi a hantsi ɗaya, kuma wannan ya fi dariyar yi min ciwo.

Yanzu na tsufa a sana'a, hannuna ya faɗa. Amma duk abin da zan ɗora a kan mutum, ko ruwan randa ne, sai na miƙa masa na ce, "Malam, fara sunsunawa."