Harafi Ɗaya Tsakanina da Kabari

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da ranar da na yi bankwana da duniya a tsakar gidanmu na unguwar New Bell a Duwala, bakina duk manja, ƙanwata tana gefe tana gwada takalmana.

Lokacin ina shekarar farko a wata makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti, can wajen Cité des Palmiers. Tun ranar da na shigo gida da farar rigar labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, sunana ya ɓace a unguwa, kowa sai "Dokta". Ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Har a kafaɗa nake rataya rigar in zan fita, don masu shagunan bakin layi su gani. (Ko allura ban taɓa riƙewa ba a lokacin, amma Inna ta riga ta fara turo min maƙwabta masu ciwon baya.)

Darasin da ya fi firgita mu shi ne biyoshimi, wato sanin abubuwan da jikin mutum da abincinsa suka ƙunsa. Gaskiya ba darasin muke tsoro ba, mai koyar da shi muke tsoro. Wata 'yar gajeriyar mata ce wadda ba ta ɗaga murya, muna kiranta Madam Zero a bayan idonta. Dokarta babba ɗaya ce, a kan pipet, siririn bututun gilashin nan da ake zuƙo ruwan gwaji da shi. Akwai 'yar robar da ake maƙala masa a kai a matsa, ita ke yin zuƙar. Madam ta ce duk wanda ta kama ya sa pipet a bakinsa, ya tuɓe rigarsa ya ajiye mata a tebur ya fita, sai baɗi. 'Yan ajin gaba da mu sun rantse mana ta taɓa aikatawa, kuma ko gira ba ta ɗaga ba.

A makon muna kan manyan gidaje uku na abinci. Akwai gidan sitaci da sukari, su ne glucides, masu ba jiki ƙarfi. Akwai gidan mai da kitse, lipides. Sai gidan furotin, protides, irin na nama da ƙwai da wake, masu gina jiki. Kowanne kuma yana da yadda ake tona masa asiri. Sitaci in ya gamu da ruwan aidin sai ya koma shuɗi mai duhu. Mai in ya taɓa takarda sai ya bar tabon da ba ya bushewa. Furotin kuwa wani shuɗin ruwa ake ɗiga masa mai suna biyure, sai ya rikiɗe ya koma shunayya. Na haddace wannan tsaf, har na dami mutanen gida. Inna na tuƙa tuwo ina tsaye a kanta ina gaya mata glucides take tuƙawa.

Ranar da za mu gwada da hannunmu aka wayi gari da ruwan Duwala, irin wanda ba ya sallama. Kwatocin New Bell suka cika suka tumbatsa, 'yan bensikin, masu baburan haya, suka yi ɓatan dabo, ga mura ta toshe min hanci ruf. Ko da na isa labo, Madam ta riga ta gama bayanin abin da ke cikin kowace kwalba. Na sulale na tsaya kusa da abokiyar aikina Janabu, wata Bafulatana 'yar Ngaundere mai Hausa daɗi-daɗi.

Robar pipet ɗaya ce a teburinmu, kuma tana hannun wani yaro mai nawa kamar yana ɗinkin hula. Madam ta fara zagaye tana duba aikin kowa, tana matsowa, mu kuwa kwalaben gwajinmu wayam. Janabu ta juya neman takarda. Sai shaiɗan ya raɗa min cewa zuƙa ɗaya ce, wa zai gani? Na tsoma pipet a wata kwalba mai ruwa fari-fari da ke kusa da manyan kwalaben magunguna, waɗanda aka manna wa hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Na sunkuya na zuƙa.

Na manta da baki kaɗai nake numfashi. Kafin in ankara ruwan ya wuce bututu ya cika min baki, atishawa ta taso, na yi ƙoƙarin danne ta, sai ji na yi ƙut, ya wuce. Ban ji ɗanɗanon komai ba saboda mura, sanyinsa kawai na ji da wani santsi yana gangarawa. Na juyo da kwalbar don in ga me na haɗiya. An rubuta da baƙin alƙalami, manyan haruffa: POISON. Guba.

Jama'a, na taɓa jin tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Hanya biyu ce a gabana. In gaya wa Madam, ta tambaye ni yadda aka yi ruwa ya shiga bakina, in tuɓe riga in koma New Bell in gaya wa unguwa an kori Dokta. Ko in yi shiru in mutu. Kun san wadda na zaɓa? Na zaɓi in mutu da rigata.

Na ce wa Madam cikina ke ciwo, ta yi min nuni da ƙofa ba tare da ta dube ni ba. Janabu ta riƙo hannuna.

"Ke lafiya? Fuskarki ta yi fari fa."

"Janabu, ki yafe ni."

"In yafe miki me? Ina za ki bar ni da aiki?"

Na zare hannuna na fice, ina tsoron in sake buɗe baki rai ya fita.

A kan bensikin ne karatuna ya tashi yi min mugunta. Kwana kaɗan kafin nan Madam ta nuna mana yadda farin ƙwai ke daskarewa in ya gamu da zafi ko ruwa mai ƙuna, ta ce furotin in ya lalace haka ba ya komawa yadda yake. Sai na tuna ai ni ma furotin ce, tun daga harshe har hanji. Na riƙa jin cikina yana dahuwa kamar ƙwai a kasko. Muka maƙale a cunkoson Ndokoti, ina karanta duk addu'ar da na sani, ina cuɗa wata da wata. Na damƙe rigar ruwan mai babur har ya waigo ya ce, "Ma sœur, doucement, a hankali, za ki shaƙe ni!" Na ce a raina, bawan Allah, gawa ka ɗauko ba ka sani ba.

Na tarar da Inna a ƙofar kicin tana yanka kuɓewa. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, na sha guba."

Wuƙar ta faɗi. Salatin da ta saka ya tara matan gidajen layinmu kafin in sake numfashi. Daga nan kuma ba a sake tambayata komai ba, magani aka shiga yi. Wata ta ce manja, aka ɗauko kwalba guda, aka matse min hanci (wanda dama a toshe yake) aka ɗura. Wata ta ce madara da ɗanyen ƙwai ne ke kashe dafi, aka fasa aka kaɗa aka ɗura. Wata tsohuwa ta ce yarinya ta galabaita, a ba ta zuma ta samu ƙarfi, ita ma aka ɗura. Cikin ɗan Adam ba randa ba ne. Na kifa kai na yi ta kelaya amai ja wur a kan farar rigata.

"Jini!" in ji wata.

"Ba jini ba ne, gubar ce ke fita, a ƙara mata!" in ji mai manja.

Ni dai da na ga jan nan na sallama. Na kira ƙanwata Hauwa na ce ta ɗauki baƙin takalmina mai tsini, wanda ta daɗe tana roƙo ina hanawa, ta riƙa sa ni a addu'a. Tana kuka wiwi ta shiga ɗaki ta ɗauko. Tana kuka ta zura ƙafa ta gani ko ya yi mata.

Ana cikin haka Kawu Ɗanlami, yayan Inna, ya faɗo gidan daga kasuwa, an kira shi a waya. Shi kaɗai ya yi tambayar hankali.

"Wace irin guba ce?"

"Ban sani ba, Kawu. Puwazon, wato guba, kawai aka rubuta."

"To ai likita ma abin da zai fara tambaya ke nan. Ku sa ta a mota, mu biya makarantar mu karɓi kwalbar, mu wuce asibiti da ita."

"Kawu, don girman Allah a wuce asibiti kawai. Madam za ta kore ni."

"Ke! Ana maganar rai kina maganar Madam?"

A cikin tasi kaina na kan cinyar Inna, tana tofa min addu'a, hawayenta na ɗiga a goshina. Nan ne tsoron ya fi kama ni, don na ga da gaske take ganin za ta rasa ni. Amma in faɗa muku gaskiya, duk da haka wani ɓangare na zuciyata addu'a yake yi Allah Ya sa in cika kafin mu isa gaban Madam.

Ban cika ba. Muka tarar 'yan ajinmu sun dawo daga hutun rana, suna labo suna rubuta sakamako. Kawu ya banka ƙofa, babbar riga na jan iska, Inna na riƙe da ni, ni kuma ja-ja-ja kamar an tsamo ni daga tukunyar miya. Ya ɗaga murya da Faransancinsa na kasuwa.

"Qui a mis le poison devant les enfants? Wa ya ajiye wa 'ya'yan mutane guba a tebur?"

Madam ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube ni. Ta ce in nuna mata kwalbar. Na nuna mata da yatsa. Ta ɗauko ta kawo daf da hancina.

"Karanta. Harafi bayan harafi."

"P... O... I... S..."

"Ci gaba."

"S."

S biyu ne. Ba tawada ce ta zuba ba, ba takarda ce ta yage ba, ga su nan raɗau, ɗaya kusa da ɗaya. POISSON. Kifi. Kifi ne aka dafa aka tace ruwansa don mu nemi furotin a ciki, bayanin da aka yi ke nan da safe ina can ina tsallaken kwata. Tsoro ne kawai ya cinye min S ɗaya.

Janabu ce ta fara fashewa, da Hausa kuma, don kada mutanen gidanmu su rasa komai: "Wayyo Allah, romon kifi ta sha!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga tebur. Inna ba ta jin Faransanci, kuma kuka ya hana ta jin Janabu. Ta kama hannun Kawu.

"Yaya, me suka ce? Za ta tashi?"

Kawu ya gyara hularsa, ya dubi silin, ya ce a hankali, "Za ta tashi, Hajara. Romo ta sha."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma da saura. Madam ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta yi tambayar da na hau babur na tsallaka gari don in guje mata: ta yaya ruwan ya shiga bakina? Na faɗa. Na fara ɓalle maɓallin rigata da kaina, hawaye na zuba, wannan karon na gaske.

Ta ce in dakata. Ta tambayi Kawu me aka ba ni a gida, ya lissafa, murya ƙasa-ƙasa. Sai ta juya ga aji. "Manja?" Suka amsa, "Lipides!" "Ƙwai?" "Protides!" "Zuma?" "Glucides!" Ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta taɓa ganin ɗalibar da ta haɗiye darasi sukutum ta kuma dawo da shi a gaban riga ba. Ta miƙo min pipet, da robarsa a kai, ta sa na ɗiga biyure a cikin gubata a gaban kowa. Ruwan ya koma shunayya, kyakkyawa kuwa.

Sannan ta daina wasa. Ta nuna kwalbar da ke gefen ta kifin, mai hoton ƙoƙon kai. Ta ce da wannan na sha, da lokacin da na ɓata a hanya ya isa ya gama da ni, kuma aman da aka sa ni da ya ƙona min maƙogwaro sau biyu, shiga da fita. Ta ce pipet laifi ne, amma shirun da na yi ya fi shi ba ta tsoro. Ta ba ni sifili a aikin ranar. Rigar kuwa ta ce in tafi da ita, ba ta son ta ɓata mata tebur da manja, amma tana so ta gan ta fara tas ranar Litinin a jikina. Sai da muka fito waje na fahimci ba a kore ni ba, na zauna a kan matakala.

Hukuncina har ƙarshen shekara shi ne, kafin a fara kowane gwaji, in tsaya gaban aji in karanta sunan kowace kwalba da ƙarfi, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya.

Yau ina aiki a labo, kuma har yanzu haka nake karanta kwalba, leɓena na motsi. Abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama ka, sake karantawa kafin ka fara rabon gado. Hauwa dai ta ce kyautar mai barin duniya ba a karɓe ta, takalmi ya tafi ke nan. Kuma har gobe in na bi ta bakin layinmu da yamma, matar da ke gasa kifi sai ta ɗaga mafici ta ƙwala min kira: "Dokta! Zo ga guba da zafinta, a sa miki yaji?"