Rasuwar Firji Mai Kwaɗo Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, Malama Suwaibatu Daso ta Bukan Sidi, Lafiya, ke sanar da rasuwar firjinta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi.

Marigayin bai taɓa sanyaya zoɓo ba. Aikinsa riƙon kwalaben ƙwayoyin halitta ne, waɗanda Suwaibatu ta yi shekaru tana reno a ɗakin gwajinta. Idan aka cuɗa su da irin waken suya, gona kan yi kyau ba sai an sayi taki ba. Mai haƙuri ne. A ɗauke wuta ya yi shiru, a tada janareta ya ce "gurrr" ya ci gaba.

Ajalinsa da jakar ma'aikatan gwamnati ya shigo. Wata hukuma ta ce abin da ke cikinsa taki ne, ta garƙama kwaɗo sai an yi rajista. Wata ta ce magani ne, ta ƙara nata. Ta uku ta ce abu mai rai huruminta ne, ita ma ta ƙara. Kowacce kuma ta kafe sai sauran sun fara sa hannu. Suwaibatu ta yi ta zarya ofis-ofis har masu keke suka daina tambayarta inda za ta.

Ana haka marigayin ya fara "ƙyas, ƙyas". Ortese mai gyara ya duba, ya gano ɗan abin daidaita sanyi ne ya lalace, amma ta ciki yake, shi kuwa ba ya fasa kwaɗon gwamnati. Ko kwalba ɗaya ba a bar Suwaibatu ta kai firjin maƙwabta ba. Hannunta na kan ƙofar ta ji sanyin yana tafiya. Don haka kada wanda ya zo gaisuwa ya ce mata tsufa ne. Kashe shi aka yi, kuma da hatimi.

Ya rasu ya bar janareta ɗaya, da kwaɗo uku cikin ƙoshin lafiya, da manoman Doma da suka jinkirta shuka suna jiransa.

Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan ranar Asabar bayan azahar, idan hukumomin sun daidaita kan wadda ke da ikon buɗe ta. Ana roƙon masu zuwa daga Doma su bar buhunan irinsu a gida. Babu abin da za a raba.